Numfashin Labaran Mai Rijiya

Shekarar da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya ci ƙauyen su Labaran, aka kwashe su aka zube a kan wani tudu ta wajen Maradun. Magidanta da yawa sun rasa abin yi a can, don fadamun da suka sani duk sun koma ƙarƙashin tafki, ƙasar tudun kuwa tsakuwa ce da marmara, ko gero sai da lallashi. Labaran bai rasa ba. Haƙar rijiya ya gada wurin mahaifinsa, kuma tun da yake bai taɓa ganin lokacin da ake neman mai haƙar rijiya kamar wannan ba. A sabon mazauninsu mata wuni suke da tuluna suna jiran motar ruwa. Can ƙasa kuma, wajen Bakura, tun da gulbi ya bar malala a fadama, rijiyoyin da kakanni suka bari suka shiga ƙafewa ɗaya bayan ɗaya.

Shi da ƙanensa Sallau suke aikin. Labaran ke shiga rami, Sallau na sama riƙe da igiya, yana jawo guga cike da ƙasa. Gajere ne Labaran, mai faɗin ƙirji, ya ba shekara arba'in baya kaɗan. In ya sauka da hantsi, sai kiran azahar ke fito da shi, kuma duk tsawon lokacin ana jiyo shi daga ƙasa yana waƙa yana saran marmara da dagi. Masu wucewa sukan leƙa su ce, "Wanga mutum huhun doki gare shi."

Da kaka ta kama, ana tsakar yankan gero, wata mura ta shigo garin. Wasu suka ce daga barikin leburorin dam ta fito, wasu suka ce 'yan kasuwa suka kawo ta. Ko daga ina take, gida-gida ta bi. Zazzaɓi ne mai kaɗa haƙora, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari mai tsaga maƙogwaro. Ta ɗauki tsofaffi da jarirai kaɗan, sauran mutane suka sha wuya suka tashi. Labaran ya kwanta kwana da kwanaki bai san inda kansa yake ba. Matarsa Nagode ta yi ta dafa masa citta da kanumfari da lemon tsami, tana lulluɓe shi da bargo ya yi siracen ganyen darbejiya. Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka, tarin ya lafa, bakinsa ya dawo, har ya cinye malmalar tuwo biyu a zama ɗaya. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna yi masa barka da arziki.

Ranar Juma'ar farko da ya fita, a kan hanyar masallaci ya fara jin abin. Akwai ɗan hawa tsakanin gidansa da masallacin, wanda a da ko sanin yana nan bai yi ba. Bai kai rabinsa ba ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da rawani ana ja ta baya. Ya buɗe baki ya ja iska, ta shiga ta tsaya a maƙoshi, ta ƙi sauka. Ya durƙusa ya yi kamar yana cire ƙaya daga takalmi har abokan tafiyarsa suka wuce. Ya ce wa kansa ragowar jinya ce, jiki bai gama haɗuwa ba.

Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa, abin bai rage ba. In yana magana sai ya yanke ta a tsaka ya nemi iska. In ya sunkuya alwala sai kansa ya yi jiri. Duk da haka da aka aiko daga Faru cewa rijiyar da suka faro kafin ciwo tana jiransu, ya saɓi dagi ya ce wa Sallau su tafi.

Ramin bai ma yi zurfi ba, bai fi tsayin mutum uku ba. Ya sauka yana taka ramukan ƙafa da ya sassaƙa da hannunsa a jikin bango. Ya yi bisimilla ya ɗaga dagi ya sara, ya sake, ya sake. Nan take numfashin ya ƙwace. Ya ja, babu. Ya sake ja, ƙirjin ya motsa amma kamar ba abin da ya shiga. Zuciyarsa ta shiga dukan haƙarƙari, gumi mai sanyi ya keto masa, bangon rijiyar da ya saba jingina da shi kamar ɗakin uwarsa ya ga yana matsowa. Ya ɗaga kai ya hangi sama ta zama ɗan farin faifai can nesa. Ya so ya kira Sallau, murya ta ƙi fita, sai igiyar ya kama yana girgizawa da hannu biyu.

Da aka jawo shi, a kan tulin ƙasa ya zube rub da ciki yana haki kamar ragon da aka koro daga kasuwa. Sallau ya tsuguna a kansa yana yi masa fifita da hula.

"Yaya, mi ya hwaru? Maciji ka gani?"

Da ƙyar Labaran ya ce, "Lumhwashi na... ya ƙi."

Tun daga ranar tsoro ya zauna masa. Mahaifinsu tarin fuka ne ya kashe shi, kuma Labaran yana tune da komai: yadda tsohon ya rame har zobe ya riƙa zamewa daga yatsansa, yadda aka ware masa ƙwarya da moɗa, yadda masu gaisuwa suke tsayawa daga bakin ƙofa. Yanzu ko tari ɗaya ya yi sai ya zagaya bayan gida ya tofar a kan dutse, ya sunkuya yana duba ko akwai ja. Ya daina bari 'ya'yansa su sa hannu a kwanonsa. Kwanciya ma ta gagare shi, sai a zaune yake barci ya jingina da buhun gero, don da zarar bayansa ya taɓa tabarma sai ya ji kamar an aza masa turmi.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu da ke zaune a gidan, ba ta yarda fuka ba ce.

"Ni na yi jinyar ubanku, na san fuka," in ji ta. "Kai ba ka rame ba, kana cin tuwo. Wanga abu na ƙasa ne. Shekara nawa kana shiga gidajen mutanen ɓoye kana sara? Kuma ga kakanninmu mun baro su cikin ruwa mun taho. Kana tsammani haka nan za a ƙyale mu?"

Ta sa aka karɓo rubutu, ya sha. Ta kawo garwashi a kasko ta zuba wani turare mai kauri ta tura masa ƙarƙashin mayafi. Hayaƙin na shiga hancinsa ya shaƙe, ya yi wurgi da mayafin ya rarrafa tsakar gida, idanu sun firfito, yana dukan ƙasa da tafin hannu. Nagode ta saki muciya ta rugo ta tallafe shi. Da ya dawo hayyacinsa, ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Gwaggo ba ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, amma ba a ƙara yi mishi hayaƙi cikin gidan ga." Ta juya wurinsa. "Malam, don Allah ka tahi Mahwara a duba ka. In fukar ce mu sani. Wanga zama cikin rashin sani ya hi ciwon."

Ranar kasuwar Talata Mafara suka hau motar 'yan kasuwa shi da Sallau. Hanya cike da tifofi da katafila, ana ta yankan magudanan ruwa a gonakin mutane, amma Labaran bai ga komai ba, hankalinsa na kan ƙirjinsa. A asibiti suka bi layi har rana ta take. Malamin asibitin wani dogo ne mai furfura a gemu. Ya sa ya tuɓe riga, ya ɗora masa ƙarfen sauraro mai sanyi a gaba da baya, yana cewa ja, saki, ja, saki. Ya tambaye shi ko yana zufa cikin barci, ko ya ga jini, ko wandonsa ya yi masa yawa. Sannan ya ba shi 'yar kwalba ya tofa kaki, ya ce su dawo kasuwa mai zuwa.

Wannan mako Labaran bai san ɗanɗanon abinci ba. Ya kira Sallau gefe ya nuna masa inda ya ajiye kayan aiki, ya ce in ta Allah ta kasance ya riƙe yaran. Sallau ya ce ya bar irin wannan magana, amma shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Da suka koma, malamin ya dube shi ya ce, "Malam Labaran, ba ka da tarin fuka. Kakinka lafiya lau."

Sallau ya ɗaga hannu yana hamdala. Labaran bai motsa ba.

"To mi ne ne, Malam? In ba komi, don mi ni ka mutuwa tsaye?"

"Ba mutuwa kake ba. Murar nan da ta wuce, ba kai kaɗai ta yi wa haka ba, na ga mutane da dama tun kaka. Ita ta tafi, amma ta bar wa huhu rauni, kamar yadda wuta kan mutu ta bar fata da ɗanyen tabo. Sai ya warke da kansa."

"Yaushe?"

"Wani wata biyu, wani ya fi. Akwai wanda ke kai shekara. Ba zan yi maka alkawarin da ban da iko da shi ba. Ka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, kana ƙarawa. In ya matse ka, kada ka yi kokawa da shi, ka zauna ka dafa gwiwa ka riƙa sakin iska a hankali ta baki. Ka guji hayaƙi. In ka ga jini, ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi ya dawo, ka zo ko ba ranar kasuwa ba. Rijiya kuwa, kada ka kusanci cikinta."

Ko allura bai yi masa ba, sai wasu 'yan ƙwayoyi na ƙarin jini. A mota Sallau sai murna yake, shi kuwa Labaran tsoronsa ƙaruwa ya yi. Da fukar ce, aƙalla tana da suna, an san maganinta, an san inda take kai mutum. Wannan kuwa ba a ganinsa, ba a san ranar tafiyarsa ba, kuma wa ya sani ko malamin bai ji duka abin da ke ciki ba?

Gida kuma sai an ci. Suka juya aikin: Sallau ya koma shiga rami, Labaran ya tsaya sama. Jan guga ma ya fi ƙarfinsa, sai masu rijiya su ba da mutum ya ja, shi ya zauna bakin rami yana faɗa wa Sallau inda zai sara. Sallau ƙarfi gare shi, amma bai saba da ƙasa ba, kuma yana da gaggawa.

Da bazara ta yi tsanani, wani dattijo mai suna Maikuɗi ya aiko musu daga wata unguwa kusa da Birnin Tudu. Rijiyar ƙofar gidansa, wadda kakansa ya haƙa, ta ƙafe a karon farko, unguwar duka kuwa nan take sha. Yana so a yashe ta a ƙara mata zurfi. Tsohuwar rijiya ce mai ƙunci, ta haura gaba goma. Da safe Labaran ya ɗaura fitilar kwano a igiya ya zura har ƙasa kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, don in iskar ciki ta lalace wuta ba ta ci. Fitilar ta sauka tana ci, ta dawo tana ci. Sallau ya shiga. Isa, babban ɗan Maikuɗi, wani ƙaton magidanci, shi ke jan guga. Aka yi ta fitar da tsofaffin gugunan fata da fasassun tuluna da ƙasusuwan kaji.

Can bayan azahar gugan ya fara fitowa da wani baƙin taɓo mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Labaran ya leƙa ya ce, "Sallau, hito haka nan ka sha iska."

Muryar ta taso daga ƙasa, "Yaya, na ji damshi! Ruwa na kusa. Bari in huda wanga ɓawon."

Aka ji dagi ya nutse cikin abu mai laushi. Aka ji an zare shi an sake sokawa. Daga nan sai tari, sai ƙarar ƙarfe ya faɗi, sai shiru.

"Sallau?"

Ba amsa.

"Sallau! Kai, Sallau!"

Muryarsa ce kawai ta dawo masa. Ya kwanta rub da ciki ya kare idonsa da hannu, da ƙyar ya hango ƙanensa cikin farar 'yar riga a dunƙule can ƙasa, ba ya motsi. Igiyar da Sallau ya sauka da ita tana lilo ba kowa a jikinta, ya kwance ta tun da safe don ta dame shi wajen sara.

Isa ya ƙwala salati, unguwa ta fito. Labaran ya kunna fitila ya zura. Ta wuce rabi, harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu. Mutanen da suka kewaye bakin rijiyar suka ja da baya gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta ce, "Sun kama shi. Masu wurin sun kama shi."

"Ba aljani ba ne!" Labaran ya faɗa, numfashinsa na yankewa. "Iskar ciki... ta ɓaci. Ku saro man ganye... da yawa. Maza!"

Aka faɗa wa darbejiyar ƙofar gida da adda. Labaran ya haɗa rassan dami guda ya ɗaure a igiya, ya sa Isa ya riƙa saki yana fizgowa, saki yana fizgowa, don ganyen ya kaɗa iskar ƙasa ta taso. Mata suka kawo ɗan ruwan da ke tulunansu aka sheƙa ta jikin bango. Wari ya bugo sama har mutane na toshe hanci. Ya sake zura fitila. Wannan karo ta kusa kaiwa ƙasa kafin ta mutu.

Ya san ba a da sauran lokaci. Ya ɗaga kai ya dubi mazan da ke tsaye. Kowa ya kawar da ido. Isa kaɗai ya tuɓe riga ya matso, amma da ya leƙa ramin sai ya tsaya cak, kuma kafaɗunsa ma da wuya su wuce inda rijiyar ta tsuke.

"Kai tsaya nan," in ji Labaran. "Kai za ka ja. In ka shiga... ba mai hid da ku."

Maikuɗi ya riƙe masa hannu. "Malam, kai da ba ka da lahiya? Kada mu yi rashi biyu."

Labaran ya zame hannunsa. Ya ɗaura igiya ɗaya a ƙugunsa, ya riƙe bakin ta biyu a haƙori, ya nuna wa Isa da hannu cewa in ya girgiza ta biyun a ja Sallau tukuna. Ya zura ƙafa a ramin. Duk jikinsa ya ce masa kada ya shiga. Tun bai bar haske ba ƙirjin ya fara rufewa. Ya ce a ransa, yau ce ke nan, a cikin rami za a gama da ni, ni da shi. Ya ambaci Allah ya ce su saki.

Suka riƙa sakinsa. Bango na gogar kafaɗarsa ta ko'ina. Zafi ya ƙaru, warin ya yi kauri har yana jin ɗanɗanonsa a harshe. A da, in zai shiga irin wannan wuri, cika ƙirji yake ya riƙe har ya gama abin da zai yi. Yanzu da ya gwada, ko kaɗan bai riƙu ba, iskar ta fashe ta fita, ya ja wata mai wari a madadinta. Kansa ya sara. Wasu ƙananan taurari suka fara yawo a idonsa.

Ƙafarsa ta taɓa abu mai laushi, bayan Sallau ne. Ba wurin tsugunawa sosai, sai ya raɓa ya durƙusa cikin taɓo, ya lalubo hammatar ƙanensa. Jikin da ɗumi amma ya saki kamar tsumma. Ya zura igiyar ta ƙarƙashin hannu ɗaya, ta zame. Ya sake zurawa. Yatsunsa sun yi nauyi kamar ba nasa ba. Ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri ba abin da ke shiga, yana jin wani kuka siriri na fita daga maƙogwaronsa. Ya ji wani irin barci mai daɗi na janyo shi, yana ce masa ya jingina da bango ya huta kaɗan. Wannan ya fi komai ba shi tsoro. Ya cije leɓensa har ya ji gishirin jini. Ya zagayo da igiyar ta bayan Sallau, ya ƙulla, hannunsa ya yi ƙullin da kansa ba tare da ya gani ba. Ya kama igiyar ya girgiza da iya abin da ya rage masa.

Ya ji jikin Sallau ya miƙe ya goge shi ya yi sama, diddigensa ya buge shi a goshi. Ramin ya yi duhu ƙirin don gangar jikin ta toshe hasken. Ya buɗe baki ya kira Nagode, ko kuwa a zuci ya kira, bai sani ba. Daga nan bai ƙara sanin komai ba.

Ya farka a kwance a gefe ɗaya ƙarƙashin darbejiyar da aka sassare, ana kaɗa masa faifai ta ko'ina, ƙugunsa na zogi inda igiya ta yanke shi. Ya ja iska ta shiga kaɗan. Ya sake ja. Maikuɗi na tsugune kansa yana tofa masa addu'a.

"Sallau," ya ce.

"Ga shi nan, yana amai. Da rai nai."

Ya juya da ƙyar ya gan shi, baƙi ƙirin da taɓo, Isa na riƙe da goshinsa yana kelaya amai. Labaran ya rufe ido, hawaye suka gangaro masa cikin kunne.

Wani direban tifa da ke ɗibar tsakuwa a hanyar Bakura aka tsayar, ya kwashe su zuwa Talata Mafara. Malamin nan mai furfura ya gane shi tun daga ƙofa.

"Ba kai na ce kada ka kusanci rijiya ba?"

Da aka ba shi labari sai ya sa aka ba su gado biyu kusa da juna. Sallau ya yi kwanaki da ciwon kai, yana tambayar abu ɗaya sau da yawa, daga baya ya warware. Labaran kuwa ƙirjin ya koma baya, ya zama ko zuwa bayan gida sai an riƙe shi. Ya ɗauka ya ƙarasa kashe huhun ke nan. Kullum malamin ya zo da ƙarfensa sai Labaran ya kafe shi da ido yana neman abin da fuskarsa za ta nuna, kullum kuma malamin ya ce, "Da sauƙi. Ba sabon abu."

Da aka sallame su, Nagode ce ta ɗauki maganar tafiyar nan da muhimmanci. Kowace safiya in za ta ɗebo ruwa sai ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, tashi ka raka ni." Da fari iyakarsa bakin zaure. Daga baya ya riƙa kaiwa gindin tsamiyar bayan gari ya zauna ya jira ta dawo. Akwai ranakun da yakan tashi garau har ya ce ya warke, washegari kuma abin ya dawo ya danne shi, ya wuni bai yi wa kowa magana ba. Gwaggo ta ci gaba da kawo rubutunta, yana sha, amma kasko bai sake shigowa ɗakinsa ba.

Sai da damina ta faɗi ta yi nisa sannan ya tabbata sauƙin na gaske ne. Ya koma kwanciya a tabarma. Ya yi noman 'yar gonar da aka yanka masa, kunya biyu ya huta, kunya uku ya huta. Numfashin ya dawo, amma ba duka ba. In ya yi sauri ko ya ɗauki kaya mai nauyi, yakan ji wurin da ya tsaya, kamar ɗaki ne da aka toshe masa lungu ɗaya.

Sallau bai sake shiga rijiya ba, ko leƙa ta ba ya so. Ya samu aikin lebura wurin masu ginin magudanan ruwa, daga baya ya koma sayar da albasa a kasuwar Talata Mafara.

Bayan an kai amfanin gona gida, Isa ya zo har tudun a kan keke, da buhun shinkafa a baya, saƙon mahaifinsa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce rijiyar tana nan a rufe da itace da ƙaya tun ranar, ba wanda ya yarda ya taɓa ta, mata kuwa har yanzu nesa suke zuwa ɗibar ruwa.

"Baba ya ce in tambaye ka, ba don ka shiga ba. Akwai wasu mutum biyu daga Bakura da sunka ce za su shiga, amma sai in kai kana bisa."

Jin maganar kaɗai ya sa tafin hannun Labaran ya jiƙe. Nagode na bakin murhu, ta bar abin da take yi tana saurare.

"Ka ce musu su zo da igiya biyu sababbi," in ji Labaran. "Kuma wanda duk ya kwance tashi a ƙasa, na tashi na bar wurin."

"Malam," in ji Nagode daga inda take, "bisa hwa ka ce."

"Bisa na ce."

Ranar Asabar ya tafi. Suka buɗe rijiyar suka bar ta ta sha iska, suka kaɗa ta da ganye har fitila ta zauna a ƙasa tana ci. Mutanen Bakura suka riƙa shiga bi da bi, shi yana zaune a bakin ramin, ba ya barin ɗayansu ya daɗe, da an jima sai ya ce a fito. Suka yi ta gunaguni cewa yana ɓata musu aiki, bai kula su ba. Aikin da a da zai gama shi kaɗai cikin ɗan lokaci ya ja su har mako ya kusa zagayowa, sannan ruwa ya ɓullo. Maikuɗi ya sa aka yanka akuya, Labaran ya ɗaure rabonsa a ganye ya hau motar yamma ya koma gida.